Amsoshin Tambayoyinku: Mece Ce Diflomar IB, Kuma Ɗan Talaka Zai Iya Samunta?

TAMBAYA: Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Doguwa, cikin Jihar Kano, wanda ya ce shi manomi ne, kuma yana da yaro a aji biyu na babbar sakandare. Malamin yana so a yi masa bayani a kan wata difloma da ake kira IB, wadda ya ji an ce ɗaliban sakandare ke yi a ƙasashen duniya. Ya ce an gaya masa wai duk wanda ya mallake ta babu jami'ar da za ta ƙi shi, daga Ingila har Amurka. Yana so ya san ko hakan gaskiya ne, da bambancinta da WAEC da NECO, da kuma ko ɗan talaka yana da hanyar samunta. Ya ƙara da cewa wani mutum ya yi masa alkawarin in ya kawo kuɗi zai yi wa yaron rajistar jarrabawar, shi kuwa ba shi da abin sayarwa sai gona.

AMSA: To, Malam, madalla da wannan tambaya, kuma lalle ka yi tunani da ka aiko da ita tun kafin ka taɓa gonarka. Bari mu ba ka amsa a dunƙule tukuna, sa'an nan mu warware ta daki-daki. Ita dai wannan difloma akwai ta, kuma tana da daraja ƙwarai a idon jami'o'in duniya. To amma fa karatu ne na shekara biyu cur, wanda ake yi a cikin makarantar da aka ba izinin koyar da shi, kuma makarantar ce kaɗai ke da ikon yi wa ɗalibinta rajistar jarrabawa. Babu wani ɗan kamasho ko mai shagon kwamfuta da zai karɓi kuɗinka ya sa sunan yaronka, kamar yadda ake yi wa masu zaman jarrabawar GCE daga gida. Ka riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa a gaba.

Cikakken sunanta da Turanci shi ne International Baccalaureate, ana taƙaita shi da haruffa biyu, watau IB. Kalma ta biyu ba baƙuwa ba ce ga masu sauraronmu na Jumhuriyar Nijar, domin su ma jarrabawarsu ta gama sakandare bakaloriya ake ce mata, wadda suka gada daga Faransa, inda Napoleon ya kafa ta cikin shekarar 1808. Sai dai suna ne kurum ya zo ɗaya. Ta Nijar da ta Faransa gwamnati ce ke shirya su, ita kuwa IB ba ta kowace gwamnati ba ce. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, da aka kafa a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan cikin 1968, ita ke tsara darussa, ta shirya jarrabawa, ta kuma ba da takardar shaida.

Dalilin kafa ta kuwa wata matsala ce da ta daɗe tana damun ma'aikatan ƙungiyoyin duniya. Tun cikin 1924 aka buɗe wata makaranta a Jeniba saboda 'ya'yan ma'aikatan tsohuwar ƙungiyar ƙasashe da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A aji guda sai ka tarar da ɗan Ingila da ɗan Faransa da ɗan Amurka da ɗan Suwizalan, kowa kuma in ya gama yana so ya koma jami'ar ƙasarsu, kowace ƙasa kuwa da irin jarrabawar da ta sani. Ya zama tilas in yara sun kai azuzuwan ƙarshe a rarraba su rukuni-rukuni, kowa ya kama shirin jarrabawar garinsu. Malaman makarantar suka ga wannan wahala ta yi yawa, sai a farkon shekarun 1960 suka fara neman yadda za a yi takarda guda wadda jami'o'in ƙasashe dabam-dabam za su yarda da ita. Wani malamin Jami'ar Oxford mai suna Alec Peterson shi ya zama shugaban ƙungiyar na farko, kuma an yi jarrabawa ta farko a hukumance cikin 1970 da ɗalibai 'yan ƙalilan. Daga baya ƙungiyar ta ƙara wasu shirye-shirye: na ƙaramar sakandare cikin 1994, na firamare cikin 1997, da na masu son koyon sana'a cikin 2012. In aka haɗa su duka, makarantu fiye da 5,000 ne a ƙasashe sama da 150 ke koyar da ɗaya ko fiye daga cikinsu. Amma wanda ya fi suna, wanda kuma ka yi tambaya a kai, shi ne na difloma.

A nan ya kamata mu kau da wani ruɗani. Mu a nan gida idan aka ce difloma, hankali yakan tafi ga takardar foliteknik, wadda ake yi bayan sakandare har a nemi aiki da ita. Wannan ba irinta ba ce. Diflomar IB takardar gama sakandare ce ta share fagen shiga jami'a, kuma an tsara ta ne domin yara 'yan shekara 16 zuwa 19. Wanda ya same ta bai zama injiniya ko akawu ba, ya dai sami mabuɗin ƙofar jami'a ne.

To, yaya karatun yake? Ɗalibi yakan ɗauki darussa shida, daga rukunoni shida. Rukuni na farko harshe da adabi, a harshen da ɗalibin ya fi ƙwarewa. Na biyu koyon wani harshe na daban, kamar Faransanci ko Larabci. Na uku darussan zaman jama'a, irin su tarihi da labarin ƙasa da tattalin arziki. Na huɗu kimiyya, na biyar lissafi, na shida kuma fannin zane-zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. Wannan na shida ba tilas ba ne, ɗalibi yana iya ajiye shi ya ƙara darasi guda daga rukunonin farko, alal misali mai son likitanci ya haɗa kimiyyar halittu da ta haɗa sinadarai. Ka ga ke nan babu yadda ɗan kimiyya zai guje wa adabi, babu kuma yadda ɗan adabi zai guje wa lissafi. Daga cikin darussan nan shida, uku ko huɗu ake yi a babban mataki, inda ake so kowane darasi ya sami awa 240 na koyarwa cikin shekara biyun, sauran kuma a matsakaicin mataki mai awa 150.

Manyan harsunan da ake koyarwa da jarrabawa da su su ne Turanci da Faransanci da Sifaniyanci. Amma ƙungiyar tana ba harshen uwa muhimmanci, domin a rukuni na farko akwai adabin harsuna masu yawa, ciki har da Larabci da Suwahili da Amharik na Habasha, kuma akwai hanyar da makaranta za ta nemi izini na musamman don ɗalibinta ya yi adabin harshensa ko da ba ya cikin jerin. Haka nan kada a ɗauka tarihin Turawa kaɗai ake karantawa. A manhajar tarihi da aka fara jarrabawa da ita cikin 2017, akwai sashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, inda kafuwar Daular Sakkwato a ƙarƙashin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo take cikin abubuwan da ake nazari.

Bayan darussa shida, akwai wasu ginshiƙai uku da kowane ɗalibi tilas ya yi, kuma su ne suka bambanta wannan difloma da sauran jarrabawa. Na farko darasi ne na awa 100 a kan shi kansa ilmi, watau ta yaya muka san abin da muke cewa mun sani? Bari mu ba ka misali na kusa da gida. Littafin tarihi ya ce Bagauda, wanda aka sa wa tafkin nan na ƙasar Bebeji sunansa, ya fara sarautar Kano cikin shekarar 999. A aji irin namu ɗalibi zai haddace wannan ya zuba a takarda ya sami maki. A wancan darasi kuwa sai a tambaye shi: wa ya rubuta wannan labari, yaushe ya rubuta, daga bakin wa ya ji, kuma ta yaya aka lissafo shekarar? Sa'an nan a ce ya gwada wannan irin sani da irin sanin da ake samu a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ya faɗi inda suka yi kama da inda suka saɓa. A ƙarshe zai rubuta maƙala mai kalmomi 1,600 a kan ɗaya daga cikin tambayoyin da ƙungiyar ta aiko.

Ginshiƙi na biyu doguwar maƙala ce ta bincike, wadda ba ta wuce kalmomi 4,000 ba. Ɗalibi ne zai zaɓi abin da zai bincika da kansa, malami guda yana duba shi, ya tattara bayanai, ya faɗi inda ya samo kowane, ya kuma yanke hukunci. Ƙaramin kundi ne irin wanda ɗalibanmu ba su cika haɗuwa da shi ba sai a shekarar ƙarshe ta jami'a. Na uku kuwa ba a cikin aji ake yinsa ba. Tsawon wata 18 ɗalibi zai riƙa yin ayyukan ƙirƙira, da motsa jiki, da hidima ga jama'a, yana rubuta abin da ya yi da abin da ya koya. Wannan ba shi da maki, amma wanda bai cika shi ba ba za a ba shi difloma ba, ko da ya cinye dukan darussansa.

Dangane da jarrabawa, sau biyu ake yi a shekara, cikin watan Mayu da watan Nuwamba, kowace makaranta da lokacin da ta zaɓa. Masu duba takardu suna warwatse a ƙasashe dabam-dabam, ba su san ɗalibi ba, ɗalibi bai san su ba. Akwai kuma wani kaso na maki da ke fitowa daga aikin da ɗalibi ya yi a makaranta, kamar gwajin kimiyya ko jarrabawar baka a darasin harshe. Malaminsa ne ke ba da makin, amma ana aika samfurin aikin waje a sake dubawa, in an ga malamin ya yi sassauci a rage, in ya tsananta a ƙara. Kowane darasi makinsa daga 1 ne zuwa 7. Darussa shida ke nan maki 42, sai a ƙara maki 3 daga maƙalar bincike da darasin nan na sanin ilmi, jimla 45. Mafi ƙarancin abin da ake ba da difloma a kai shi ne maki 24, tare da wasu sharuɗɗa, ciki har da cewa kada a sami maki 1 a kowane darasi, kuma darussan babban mataki su tara aƙalla 12. A 'yan shekarun nan matsakaicin makin ɗalibai a duniya yana wajen 30, kimanin kashi 80 cikin 100 ne ke samun diflomar, masu cinye 45 ɗin nan kuwa 'yan ƙalilan ne. Wanda bai kai ba akan ba shi takardar sakamakon darussan da ya yi ɗai-ɗai.

To, sai mu koma ga bambancinta da WAEC da NECO. Hukumar WAEC an kafa ta cikin 1952, kuma ƙasashe biyar ne ke cikinta: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. NECO kuwa ta Nijeriya ce kaɗai, an kafa ta cikin 1999, ta yi jarrabawarta ta farko ta gama sakandare cikin 2000. A duka biyun ɗalibi yakan zauna darussa takwas ko tara, sakamako daga A1 zuwa F9, kuma abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar har da Turanci, da kuma lissafi a yawancin fannoni. Diflomar IB tana gaba da wannan mataki. Dattawan da suka yi boko kafin tsarin 6-3-3-4 ya kankama a shekarun 1980 za su tuna cewa a da shekara biyar ake yi a sakandare, sa'an nan masu ƙoƙari su zarce shekara biyu na HSC a makarantu irin su Kwalejin Barewa ta Zariya, daga nan sai jami'a. To, a wannan gurbi na HSC diflomar IB take. Tsararrakinta a yau su ne jarrabawar A-Level ta Ingila, da IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita tun 1976, da JUPEB wadda ta zo cikin 2014. Shi ya sa yaran Nijeriya da yawa da ke yin IB sai sun gama WAEC ko makamanciyarta tukuna suke shiga. Shi ya sa kuma hukumar JAMB ta sa ta cikin takardun da ake neman shiga jami'a kai tsaye da su, watau ɗalibi ya fara daga aji biyu.

Maganar da aka gaya maka cewa babu jami'ar da za ta ƙi mai wannan takarda, akwai ƙari a cikinta. Gaskiya ne jami'o'i a ƙasashe masu yawa sun san ta, sun kuma yarda da ita. Yawancin jami'o'in Ingila, waɗanda kan ce mai WAEC sai ya yi shekara guda ta share fage, suna ɗaukar mai IB kai tsaye. Jami'o'in Amurka da dama sukan yafe masa wasu kwasa-kwasan shekarar farko in ya ci babban maki. To amma yarda da takarda daban, ba da gurbi daban. Kowace jami'a da makin da take nema. Jami'ar Oxford, alal misali, takan nemi maki 38 zuwa 40 gwargwadon fannin da ake so, ban da ganawa da gwajin da take yi wa masu nema. Mai maki 24 ya sami difloma, amma manyan jami'o'i ba za su dube shi ba. Mai son likitanci ko injiniya kuma, in bai ɗauki darussan da suka dace a babban mataki ba, ko makinsa nawa ne ba za a ɗauke shi ba. Daɗin daɗawa, takardar ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta sayen tikitin jirgi, ba ta ba da biza. Waɗannan duk neman su daban ake yi.

Yanzu sai babbar tambayarka, watau ko ɗan talaka zai iya. A Nijeriya makarantun da ke da izinin koyar da diflomar ba su da yawa, masu zaman kansu ne, kuma akasarinsu suna Legas da kewayenta. Daga cikin waɗanda aka sani akwai American International School ta Legas da makarantar Greensprings. Kuɗinsu kuwa miliyoyin nairori ne a shekara. Tsadar tana da dalili. Kafin a ba makaranta izini takan yi shekara biyu zuwa uku ana bincikenta, a duba ɗakunan gwaje-gwaje da laburare da malamai. Tilas ta riƙa tura malamanta horo, ta biya ƙungiyar kuɗin shekara, kowane ɗalibi kuma a biya masa kuɗin jarrabawa darasi-darasi, duk da kuɗin ƙasashen waje. Saboda haka mu gaya maka gaskiya tsakani da Allah, kuɗin gona guda a Doguwa da wuya ya kai yaro ƙarshen wannan karatu ta hanyar biya. In kuɗi ya yanke a tsakiya, an rasa gona, ba a sami takarda ba, an saki reshe an kama ganye.

Sai dai akwai wata ƙofa, ƙarama ce amma a buɗe take. Akwai wasu makarantun kwana da ake kira United World Colleges, ko UWC a taƙaice. Wani Bajamushe masanin tarbiyya mai suna Kurt Hahn ne ya assasa ta farko cikin 1962 a yankin Wales na Birtaniya, da nufin haɗa yaran ƙasashe dabam-dabam su yi karatu tare. Yanzu sun kai 18 a duniya, kuma dukansu diflomar IB suke koyarwa a shekara biyun ƙarshe. Biyu suna Afirka. Ɗaya ita ce Waterford Kamhlaba a ƙasar Eswatini, wadda a da ake kira Suwazilan, an buɗe ta cikin 1963 domin baƙi da farare su yi karatu a aji guda a lokacin da mulkin wariyar launin fata ya hana haka a Afirka ta Kudu, har 'ya'yan Nelson Mandela da na Desmond Tutu sun yi karatu a cikinta. Ɗayar kuma tana Tanzaniya, a garuruwan Moshi da Arusha, ta shiga sahun cikin 2019. Waɗannan makarantu suna da kwamitocin zaɓen ɗalibai a ƙasashe fiye da 150, har da Nijeriya. Kowace shekara akan buɗe neman gurbi ta intanet, a duba sakamakon yaro da halinsa da irin hidimar da yake yi wa jama'a, a gana da shi, sa'an nan a dubi ƙarfin iyayensa a ba shi tallafi gwargwadon buƙata. Mafi yawan waɗanda kwamitocin ke zaɓa suna samun tallafi, wasu cikakke, wasu wani kaso. Bugu da ƙari, tun shekarar 2000 wani attajiri Ba'amurke mai suna Shelby Davis ya kafa gidauniyar da ke taimaka wa waɗanda suka gama UWC su yi digiri a jami'o'in Amurka. A nan Afirka ta Yamma kuma akwai kwalejin SOS-Hermann Gmeiner da ke Tema a ƙasar Gana, wadda aka buɗe cikin 1990 domin yara masu ƙoƙari daga gidajen marayu na SOS, tare da wasu yaran na waje.

To amma a sani, guraben da ke zuwa wa kowace ƙasa kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Akwai iyakar shekaru, saboda haka tun yaro yana aji biyu ko uku na babbar sakandare ake fara dubawa. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wuya, domin da shi za a gana da shi, da shi kuma zai rubuta maƙala mai kalmomi 4,000. Sa'an nan ku iyaye ku yi shawara da kyau, domin makarantun nan maza da mata ne a haɗe, yaro ɗan shekara 16 ko 17 zai yi nisa da gida cikin mutanen da al'adarsu ba irin tamu ba ce. Ba laifi ba ne ku tambayi yadda ake yi da salla da azumi da abinci kafin ku amince.

Idan wannan ƙofa ba ta buɗe ba, Malam, ba a yi asarar komai ba, domin hanyar gida tana nan. Yaro ya dage ya sami kiredit biyar masu kyau, ya zauna jarrabawar JAMB. In makin bai kai ba, ga IJMB, wadda ake yi a Kwalejin CAS ta Kano, da kuma kwalejin share fagen shiga jami'a ta Rabi'u Musa Kwankwaso da ke nan Tudun Wada, maƙwabtanku. Daga nan sai Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Zariya. Mai son karatun waje kuma yana iya samunsa bayan digirin farko. Ɗaruruwan matasan da gwamnatin Jihar Kano ta tura ƙasashen waje yin digiri na biyu cikin 2012, da kuma cikin 2023, da takardar sakandaren gida da digirin gida suka tafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu komo kan mutumin da ya ce ka kawo kuɗi. Ka tambaye shi sunan makarantar da yaron zai zauna shekara biyu a cikinta. Ƙungiyar IB tana da jerin sunayen dukan makarantun da ta ba izini a shafinta na intanet, ƙasa-ƙasa, kowa yana iya dubawa kyauta. Ka sami firinsifal ɗin makarantar yaronka ko wani malami da ka yarda da shi ya duba maka a waya. In sunan ba ya ciki, magana ta ƙare. In yana ciki, ka tuntuɓi makarantar da kanka, kada ka bi ta hannun kowa, kada kuma ka zuba kuɗi a asusun banki mai sunan mutum. Duk wanda ya ce zai samo takardar cikin 'yan watanni, ko ya ce ba sai yaro ya je aji ba, to cinikin biri a sama yake so ku yi. Ko an ba ka wata takarda mai tambari, jami'o'i ba da ita suke aiki ba, domin ƙungiyar ce da kanta ke aika musu da sakamakon ɗalibi.

Kafin mu rufe, akwai abin da malamanmu da hukumomin ilmi za su iya ɗauka daga wannan tsari ba tare da sun biya ko kwabo ba. Babu abin da zai hana malamin sakandare a Doguwa ya sa kowane ɗalibin aji biyu ya yi ɗan bincike na kansa cikin zango guda. Ga tarihin haƙar kuza a Riruwai, wanda har yanzu akwai tsofaffin da za su ba da labarinsa. Ga madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala cikin 1974, da yadda ta canza noman rani da kamun kifi a ƙasar Bebeji da kewaye. Ga dajin Falgore da abin da saran itace ke yi masa. Ga farashin masara, me ya sa yake faɗuwa da kaka ya tashi da bazara, kuma wa ke cin ribar? Yaron da ya yi hira da dattawa biyar, ya auna, ya rubuta shafi goma, ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya kare abin da ya rubuta, ya sami rabin abin da masu kuɗi ke biya wa 'ya'yansu. Haka nan hidimar jama'a, manyan ɗalibai su koya wa 'yan firamare karatu da yamma, ko su dasa itatuwa a makaranta su yi ta ban ruwa har su kama. Irin wannan aiki ne ma kwamitin UWC ke tambaya a kai.

Gwamnati kuma tana da abin dubawa. Ba ko'ina ne wannan difloma ta zama ta masu hannu da shuni ba. A Amurka mafi yawan makarantun da ke koyar da ita na gwamnati ne. Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka, daga 2015, ta buɗe makarantun kwana na gwamnati a lardunanta, har suka kai 25, inda take tara yara masu ƙoƙari daga makarantun talakawa a koya musu diflomar IB kyauta. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Kano. Cikin 1977 gwamnatin jihar ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa zaɓo yara da jarrabawa daga birni da ƙauye, kuma kowa ya san yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu. Jihar da ta yi wancan, in ta sa kanta, tana iya ɗaga ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu ta kai matsayin da za a ba ta izinin wannan difloma, har yaron Doguwa ko Kiru ya shiga da ƙoƙarinsa.

Da fatan Malam ya gamsu da wannan bayani. Ka riƙe gonarka, ita ce za ta ɗauki nauyin yaron har ya gama jami'a. Shi kuma a gaya masa ya ba Turanci da lissafi ƙarfi, ya riƙa karanta abin da ya wuce littafin aji, in lokacin neman gurbin UWC ya zo ya gwada sa'arsa. Allah ya ba shi nasara. Masu sauraro, sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a ci gaba da aiko mana da tambayoyi.